Shekarar da Mai Gishiri Ya Shigo Guangzhou

Kakata ta wajen uwa ba Bahaushiya ba ce. Mutuniyar Guangzhou ce gaba da baya, a nan aka haife ta, a nan ta tsufa. Popo muke kiranta, kamar yadda yaran garin ke kiran kakar wajen uwa, amma Baba, da yake harshensa na Kano ne, Fofo yake cewa, ita kuma ta amsa. Ba ta musulunta ba. Sai dai tun ranar da Mama ta auri Baba ta kwashe tsofaffin tukwanenta ta rabar wa maƙwabta, naman alade bai sake shiga gidanta ba.

Ina firamare Baba ya tafi Kano sabunta takardunsa na zama, aka ƙi ba shi izinin dawowa. Shagonsa na tufafi a kasuwar Canaan ya koma hannun Mama, ni da ƙanena Nasiru muka koma yini wajen Popo a unguwar Sanyuanli. Lokacin sanyi ne, irin sanyin nan mai laima da ke shiga ƙashi, gidan kuma ba abin ɗumama ɗaki. Da magariba sai ta ɗora tukunyar ƙasa a kan murhun gas, ta rage wuta, miya ta yi ta ɓararraka a hankali. Mu kuma mu jawo 'yan kujerun roba mu matsa kusa. Wutar da muka sani ke nan.

Wata rana wata yarinya a ajinmu ta ce mini duk baƙi za a kora daga garin, mu ma da muke da irin wannan gashi ba za a bar mu ba. Na zo na tambayi Popo ko gaskiya ne. Tana feren citta, ba ta ɗago ba. Can sai ta ce, "A shekarar da gishiri ya yi tsada..." Daga ranar, duk sanda ta faɗi haka mun san labari ya zo.

Ta ce a zamanin da, fiye da shekara dubu, sarkin ƙasar Sin yaro ne, yana can arewa mai nisa, ba abin da ya sa a gaba sai ƙwallon dawaki. Fadawa ke mulki da sunansa. Fari ya cinye gonaki, amma masu karɓar haraji ba su fasa zuwa ba, gishiri kuma ba mai sayar da shi sai hukuma. Sai wani mutum da ke fataucin gishiri a ɓoye ya tara mayunwata ya yi tawaye. Ya yi ta cin garuruwa har ya gangaro kudu, ya tsaya a ƙofar Guangzhou, ya aika wa fada cewa a naɗa shi gwamnan garin ya ajiye makami. Fadawa suka ce garin da jiragen ruwa ke kawo wa dukiya ba za a ba ɗan fashi ba. Da amsar ta iso shi, sai ya shiga da ƙarfi.

A lokacin akwai unguwar baƙi a bakin kogi, ta fataken Larabawa da Farisawa masu zuwa da turare da hauren giwa su koma da siliki. Can mayaƙan suka fi yin ɓarna. Popo ba ta taɓa yi mana bayanin kisan ba. Takan ce kawai, "Unguwar ta yi shiru," ta ɗaga murfin tukunya ta duba.

Akwai wata tsohuwa mai kiwon tsutsar siliki, wadda 'yarta ta auri wani Balarabe, 'yar ta rasu ta bar yaro ƙarami. Uban ya bi iskar da ke tura jiragen ruwa ya tafi ƙasarsu da kaya, sai iskar baɗi zai dawo. Da tsohuwa ta ga hayaƙi ya tashi a bakin kogi, sai ta kwantar da yaron a kwalekwalenta, ta lulluɓe shi da ganyen da tsutsotsinta ke ci, ta kama tuƙi. A mashigar ruwa wani mayaƙi ya tsayar da ita, ya sa tsinin mashi ya yaye ganyen, ya ga yaro mai murɗaɗɗen gashi da dogon hanci. Ya tambaye ta ɗan waye.

A nan Popo kan ajiye ludayi ta miƙe zaune.

"Jikana ne. In fuskarsa ba ta yi maka ba, dubi kunnuwansa, ka dubi nawa."

Sai ta kamo kunnen Nasiru ta ja, shi kuma ya yi ta ƙyalƙyala dariya. Mayaƙin, in ji ta, manomi ne daga arewa, yunwa ce ta fito da shi, ga zazzaɓin kudu ya fara kama shi. Tsohuwa ta miƙa masa ƙunshin shinkafar da ta yi guzuri, ya mayar da ganyen yadda yake, ya juya baya. Ba da jimawa ba cuta ta faɗa wa rundunar mai gishiri, ya kwashi sauran mutanensa ya koma arewa, bayan an sassare itatuwan da ake ciyar da tsutsar siliki. Jirage suka daina zuwa.

Har nan labarin ba ya canzawa. Ƙarshensa ne ba ya zama wuri ɗaya. Wani lokaci uban bai sake dawowa ba, yaron ya girma ya zama masunci, ya auri 'yar garin. Wani lokaci uban ya dawo, ya ga yaron ya saba da kakarsa, ya gina gida kusa da ita ya zauna. Wannan ƙarshen na fi so, nakan roƙe ta ta maimaita shi.

Ana haka Baba ya fara cewa a waya mu taho Kano. Ya gwada duk hanyar da ya sani, takarda ba ta fito ba, ciniki kuma ya ja baya, don yawancin masu sayen kayanmu saboda shi suke zuwa. Nakan ji Mama da Popo suna magana ƙasa-ƙasa a bakin ƙofa idan Mama ta zo ɗaukarmu. Popo na cewa ba mu san abincin can ba, ga zazzaɓin sauro, ga makarantar da muka saba. Mama na cewa yara suna buƙatar ubansu. Popo ta ce to a bar mata ni, a tafi da Nasiru. Mama kuwa ita kaɗai ce 'yar Popo, ta kuma san abin da take nema ta raba ta da shi. Kwanaki suka wuce ba labari. Miya kawai muke sha, mu yi aikin makaranta.

Wata yamma, ba wanda ya roƙe ta, Popo ta fara da kanta. Ta bi labarin da sauri har mashigar ruwa, ba ta ja kunnen kowa ba. Sannan ta ce bayan shekaru jirgi ɗaya ya shigo, uban yana ciki, amma ba zai iya zama ba, don garin bai koma yadda yake ga baƙi ba. Tsohuwa ta wanke yaron, ta ɗinka masa riga, ta sa shi a kwalekwalen nan, ta tuƙa shi da hannunta har gindin jirgi.

Na tambaye ta ko tsohuwar ba ta yi kuka ba.

"Ta yi. Amma sai da jirgin ya sha kwanar kogi. Ku sha miyarku kafin ta huce."

Kafin damina muka tafi, mu uku. A Kano Hausa ta cika mini baki, na yi sakandare, na saba da tuwo da kakata ta wajen uba. Popo takan kira mu ta bidiyo, ta riƙe wayar kusa da fuska har goshinta kaɗai muke gani.

Karatun jami'a ne ya dawo da ni Guangzhou. A nan na nemi tarihin na karanta. Mai gishirin gaskiya ne, yaron sarkin ma haka, kuma abin ya faru ne wajen shekara ta 879. Daga baya mai tawayen ya ci babban birni, sarki ya gudu, shi ma mai gishirin bai daɗe a kan gadon ba aka gama da shi. Na kuma gano cewa a waɗannan shekarun ƙasar Iraƙi, inda da yawa daga fataken suka fito, ita ma tana cikin yaƙi, bayi baƙaƙen fata da ake sa wa aikin kankare ƙasa mai gishiri sun yi wa halifa tawaye, har an ƙone Basra. Wato wanda ya tsira daga nan bai tabbata zai tarar da gida lafiya ba. Tsohuwa da jikanta kuwa ba su cikin kowane littafi.

Na tarar da Popo ta rankwafa, ji ya yi mata nauyi. Na tambaye ta inda ta samo labarin. Ta ce wajen uwarta, amma na uwarta a mashigar ruwa yake ƙarewa, sauran ita ta ƙara. Na ce to me ya sa ƙarshen yake ta sauyawa?

"Ai ban san me zan iya ba. Sai da na faɗa da bakina na ji, sannan na gaya wa uwarku ta sayi tikiti."

Ina yarinya na ɗauka darasin shi ne tsohuwa ta yi jarumta gaban mai mashi. Yanzu ina ganin wancan ya fi sauƙi, don a mashigar ruwa ba ta da zaɓi, jikanta ne za a kashe. A gindin jirgi kuwa ba mai tilasta mata, da ta riƙe yaron ba wanda zai ga laifinta. Popo ta rasu ina shekarar ƙarshe a jami'a. Mama ta iso a kan lokaci, Baba bai samu izinin shigowa ba, sai ta waya ya yi mana ta'aziyya.