Ranar da Malam Zayyadu Ya Bar Ja da Kore

Kafin bas-bas ɗin ma'aikatan haƙar yuraniyom su gama kwasar mutanen safe, Malam Zayyadu ya riga ya jingine tsohon babur ɗinsa a gindin katanga, ya hau tsani ya goge farantin tauraron ɗan'adam da tsumma. Daga nan ya sauko, ya wanke hannu, ya ɗora shayi, ya zauna gaban kwamfuta yana kallon layuka suna gangarowa. Haka muka san shi a Arlit. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya koma Tawa, garin iyayensa, kuma ba zai yi kyau ya tafi ba a faɗi abin da ya yi ba.

Ya zo garin nan yana saurayi, yana jan wayar tarho a kan turaku. Da zamani ya juya, shi ma ya bi shi, ya koyi kwamfuta da furfura a gemunsa. Lokacin da sababbin kamfanoni suka yi ta kwararowa neman yuraniyom, wani ƙarami daga cikinsu ya ɗauke shi ya kula da rezo, wato hanyar da kwamfutocin ofis ke magana da Agadas da Yamai.

Wanda bai sani ba zai ce zaman banza yake yi. Akwai wata manhaja da ke kama duk ɗan saƙon da ya shiga ko ya fita, ta jera shi layi-layi, dubbai a minti ɗaya. Ba idon da zai karance su, shi ya sa ake rina su. Mutum ya rubuta doka cewa saƙo iri kaza a ba shi launi kaza, sai manhajar ta bi. Dokokin a jere suke, ta sama ake fara dubawa. Zayyadu ya ɗauki wannan rini da gaske, ya share launukan da manhajar ta zo da su ya tsara nasa: kore idan hanya lafiya, ja idan saƙo ya tafi bai isa ba ana ta sake tura shi. Direbobi suna tsokanarsa da marinin da hannunsa ba ya baƙi, shi kuwa sai ya yi dariya ya miƙa musu kofin shayi.

Direbobin nan sun shaida halinsa tun da wuri. Akwai makon da duk wanda ya kira iyalinsa ta rezon ofis sai murya ta riƙa yankewa. Zayyadu ya ba saƙonnin murya launinsu daban, ya ga abin da ke danne su, ashe wani ma'aikaci ne ke sauke fina-finai. Bai kai ƙara ba. Ya tafi ya same shi, suka yi magana ta minti biyu a bayan tankin ruwa, murya ta gyaru. Har yau ba wanda ya ji sunan mai fina-finan daga bakinsa.

Sai tawayen Abzinawa ya dawo a 2007. Hanya ta zama abin tsoro, ana binne nakiya, mota ba ta fita sai cikin ayari da rakiyar soja. Kowace safiya ofishin Agadas ke aiko da saƙo: yau a fito, ko yau kada a fito. Rezo ya tashi daga kayan aiki ya koma maganar rai. Aka ba Zayyadu mataimaki, Hamadi, Ba'abzine magidanci mai 'ya'ya huɗu, mutum mai shiru-shiru. Aikinsa idan Zayyadu ya fita shi ne ya zauna ya sa ido, da zarar ya ga ja ya yi yawa ya sanar da shef, wato shugaban ofis.

Wata Laraba Zayyadu ya tafi Akokan, garin da ke maƙwabtaka da Arlit, gyaran waya. Da hantsi rezo ya fara shaƙewa, ja ya cika fuskar kwamfuta, Hamadi yana zaune gabanta bai sanar da shef ba. Saƙon Agadas na cewa kada a fito ya maƙale a hanya. Mota ta fita da mutum shida. Allah Ya kiyaye, sojoji suka juyo da ita daga shingen farko, amma kafin la'asar magana ta gama ofis. A wancan lokaci Ba'abzine bai buƙatar yin laifi kafin a kalle shi sau biyu, balle ga abin da ya faru.

Shef Muktari, mutumin Damagaram, ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi. Ya kira Zayyadu ya ce, "Malam Zayyadu, awa uku ja na gabansa. Ko jariri ya san ja. Gobe da safe zan miƙa sunansa ga hukuma, su masu bincike su tambaye shi wa yake yi wa aiki."

Kowa ya san wanda aka miƙa sunansa a shekarar nan, ba a san ranar dawowarsa ba. Zayyadu ya ce, "Shef, ka ba ni zuwa gobe in duba mi ya faru."

Ya koma ɗakinsu, zuciyarsa ba daɗi, don yana son Hamadi. Ya buɗe abin da manhajar ta adana na safiyar, ya ce, "Hamadi, zo ka gwada mini inda abin ya soma." Ja kuwa ga shi nan a shimfiɗe, daga bakin ƙofa ma ana hango shi. Amma Hamadi bai nuna ba. Sai ya sunkuya, ya ɗora yatsa, ya fara karanta ƙananan rubutun layi ɗaya bayan ɗaya. A nan Zayyadu ya tuna ranar da ya ce wa Hamadi ya miƙo masa jar waya, Hamadi ya kawo guda biyu, ja da koriya, ya ce ya zaɓa. Ashe mutumin nan ba ya bambance ja da kore, kuma yana ɓoyewa ne saboda abincin 'ya'yansa.

To, ga gaskiya a hannunsa, amma gaskiyar mai kaifi biyu ce. Idan ya yi shiru, a tafi da Hamadi. Idan ya faɗa, a wanke shi daga zargi a kuma sallame shi saboda ido. Zayyadu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Tai ka yi salla, ni zan ƙarasa."

Ya zauna ya warware rinin da ya yi shekara biyu yana alfahari da shi. Ya cire ja, ya cire kore. Hanya lafiya ta zama fari fat. Tafiyar hawainiya ta zama rawaya. Matsala ta zama baƙin layi da farin rubutu, ya kuma ɗaga dokarta can sama don kada wata ta rufe ta. Saƙonnin Agadas ya ba su shuɗi mai duhu, su kaɗai. Da ya gama ya kashe launin kwamfutar gaba ɗaya ya duba, ya ga ko a haka kowane layi ya fita daban.

Da safe ya riga kowa shiga wurin shef. Ya ce, "Laihin nawa na. Ni na tsara launukkan, kuma ban tsara su yadda duk wanda ya zauna zai gani ba. In akwai sunan da za a rubuta, a rubuta nawa." Ba ƙarya ya yi ba, bai dai faɗi duka ba. Muktari ya yi faɗa har ana jiyo shi daga gareji, amma da ya ga sabon tsarin ya sauko. Aka ba Zayyadu takardar gargaɗi, kuma muƙamin da ake shirin ba shi a Yamai ya wuce ga wani. Hamadi ya koma kujerarsa. Daga ranar nan baƙin layi bai taɓa yin minti biyar a gabansa ba tare da ya tashi ba.

Malam Zayyadu, kai ne ka ga rauni a jikin ɗan'uwanka ka rufe shi da rigarka. Kai ne aka zage ka gaban na ƙasa da kai, ka fito ka ɗora shayi kamar ba a yi ba. Mun ji haushinka a lokacin, mun ce tsufa ya fara taɓa ka, ashe mu ne ba mu ga komai ba. Ka yafe mana.

Da ba mu san wannan labari ba, ba don Hamadi ba. Yanzu da aka ajiye makamai, kuma shi ne zai gaji kujerar, ya miƙe a ɗan taron ban kwana na makon jiya, ya sauke rawani daga bakinsa, abin da ba mu taɓa ganin ya yi ba. Ya ce, "Ni idona ba ya gani ja, ba ya gani kore. Tun ina yaro. Wannan mutum ya sani, shekara biyu muna ɗaki guda, ko rana ɗaya bai ce mini ya sani. Yarana suna gida da babansu saboda shi." Shef Muktari ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba.

Aka juya ga Zayyadu. Kunya ta kama shi, yana ta murza hularsa. Can ya ce, "Ku bar zancen ga. Na zaunar da mutum gaban abu na ce ya duba, ban taɓa tambayarsa mi yake gani ba. Wannan ai nawa na."

Mun gode, Malam Zayyadu. Allah Ya kai ka Tawa lafiya, Ya rufa maka asiri duniya da lahira kamar yadda ka rufa wa wani. Ku kuma da kuke da mutane a ƙarƙashinku, a ofis ko a gareji ko a bakin rami, ranar da ɗayansu ya kasa, kada ku yi saurin ɗauko alƙalami. Ku ja kujera ku zauna kusa da shi tukuna. A wata unguwa ta Arlit akwai yara huɗu da ba su taɓa sanin cewa saura kwana ɗaya su rasa ubansu ba.