Baƙin Yumɓu a Gindin Rijiyarmu

Ranar da malaminmu na ilimin duwatsu ya miƙo mana wani baƙin dutse mai ɓarewa fale-fale, ya ce kowa ya shinshina, na daɗe ban miƙa wa ta kusa da ni ba. Na san warin. Kamar tsohuwar fitilar ƙwai ce da aka binne cikin laka. Nan take na ga kaina a bakin rijiyar lambunmu a fadamar Danchadi, ina 'yar shekara tara.

Kakana mahaƙin rijiya ne. Tun kafin a haife ni ya haƙa wannan, zurfinta gaba huɗu, kuma ita ke shayar da albasar gidanmu duk rani. Lokacin da na yi wayo idonsa ya yi rauni, ya daina shiga rami, amma ƙasa ba ta ɓoye masa komai. Sai ya murza ta da yatsa, wani lokaci ya ɗora a harshe, ya gaya maka daga ina ta fito. Ni ba mai magana ba ce, shi ya sa muka shaƙu. Ina bin sa da gwangwanayen tumatir, kowace ƙasa da nata: jar marmara, tsakuwa, farar ƙasa, yashi. Na jera su ƙarƙashin gadon innata yadda suke bin juna a cikin rijiya.

A ranin waccan shekarar ruwa ya ja baya, aka kira masu yasar rijiya. Gugan ƙarshe ya fito da baƙin yumɓu mai santsi, mai wannan wari. Baffana, ƙanin mahaifina, shi ke kula da lambun. Rediyo ba ya barin kafaɗarsa, kuma a lokacin ana yawan zancen neman man fetur a arewa. Ya shafa yumɓun a tafin hannu, ya ga yana ƙyalli. Kafin la'asar labarin an ga alamar mai a rijiyarmu ya kai Bodinga.

Aka kai wa kaka dunƙule ɗaya. Ya murza, ya ajiye.

"Kar ku taɓa shi," ya ce. "Wanga shi ka riƙe muku ruwa. Ƙarƙashinsa busasshen yashi na."

"Baba, gaba guda kawai za mu ƙara mu gani," in ji baffa.

"Ku ga mi? Gindin tulu za ka huda don ka ga ƙasa?"

Sai ya juyo gare ni. Amarya yake kirana, irin na wasan jika. "Amarya, sa wanga cikin gwangwaninki. Shi na ƙarshe."

Baffa ya jira ranar kasuwar Shagari, da kaka ya tafi gaida wani abokinsa. Da hantsi ya sa aka kwashe ruwan, ya shiga da dagi da kansa. Ina tsaye a bakin rijiyar. Na san abin da kaka ya ce kalma bayan kalma, amma kunya ta hana ni buɗe baki. Kafin azahar dagin ya zurma. Abin da ya fito farin yashi ne, a bushe kamar gari. Ruwan da ke tsattsafowa daga bango ya gangara cikin hudar, ya ɓace ba ko ƙara.

Albasa ta fara ƙwai ke nan. Kwana uku ba ruwa, ganyenta ya kwanta. Kaka bai yi faɗa ba. Ya sa aka ɗebo yumɓun masu ginin tukwane, matan gida suka kwaɓa, aka ɗaura masa igiya a ƙugu aka saukar da shi, shi da ya yi shekara da shekaru bai shiga rami ba. Da dunduniya ya dinga danna yumɓun, baffa na miƙa masa. Bayan mako ruwa ya dawo, rabin na da. Albasar ma da rabi muka tsira.

Yanzu littattafaina suna gaya mini abin da kaka ya sani, amma a juye. Ganin baƙar ƙasa ba shi ne ganin mai ba. Sai ta nutse can ƙasa, zafi ya dafa ta tsawon zamunna. Sai man ya sami yashi mai ƙofofi ya bi. Sannan sai an sami yumɓu a samansa, lanƙwasasshe kamar kifaffiyar ƙwarya, ya hana shi wucewa. Ruwan rijiyarmu ƙasa yake nema, mai kuwa sama, amma abu ɗaya ke tsare su.

Kaka ya rasu. Lambun yanzu famfo mai aiki da hasken rana ke ba shi ruwa, an rufe rijiyar da kwano. A hutun da ya wuce baffa ya same ni ina goge gwangwanayen. Shi ma furfura ta cika masa gemu.

"Malama, ke da kinka yi karatu, gaya mini gaskiya. Da na ƙara gaba biyu hwa?"

"Ko goma ka ƙara, baffa, babu mai. Yumɓun bai dahu ba."

Ya ɗauki gwangwanin ƙarshe, ya shinshina, ya daɗe yana kallon cikinsa.

"Rannan kina tsaye, ko?"

"Ina tsaye."

"Kuma kin ji abin da tsoho ya ce."

Na sunkuyar da kai. Ya mayar da gwangwanin wurinsa, a ƙarshen layi, ya gyara masa zama.

"To, gobe in kinka ga wani da dagi," ya ce, "ko babba na, ki yi magana."