Orval Pettibone, Mai Sauraron Farfela

Orval Pettibone ya rasu ranar Talata, sha huɗu ga watan Afrilu, da hantsi, a kan kujerarsa ta ƙofar gareji a garin Parker, yana da shekara saba'in da tara. Matarsa Luella ce ta kira ni. Ta ce ta kai masa kofi na biyu, ta tarar na farkon ma bai taɓa ba. Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa, ba mu da ta cewa. Na ajiye wayar, na daɗe zaune a mota ban tayar ba, domin wata takwas ke nan rabon da in yi maka magana, Orval, kuma ni ne na ɗauke ƙafa.

Na gaji da rakiyar mutanen kogin nan zuwa makwancinsu. Cikin waɗanda muka fara tseren jiragen ruwa tare, da yatsun hannu ɗaya zan ƙirga waɗanda suka rage. Amma taka ta fi yi mini nauyi, don akwai maganar da ban faɗa maka ba.

Duk wanda ya taɓa sa jirgi a Kogin Colorado tsakanin Parker da Havasu ya san aikinka. Shekara hamsin kana kan abu ɗaya, akwatin V, akwatin giyar nan da ke karɓar ƙarfin inji daga bayan jirgi ya juya shi ta ƙasa, ta sandar da ke murza farfela. Wasu suna gina inji su yi suna, a ɗauke su hoto. Kai kuwa kana kwance a cikin jirgi, giris har gwiwar hannu, kana daidaita abin da ba mai gani.

Haƙurinka da ƙarfe ya ninka haƙurinka da mutane. Ina tuna wani malamin makaranta mai ritaya da ya kawo jirgin shaƙatawarsa yana rawa kamar zai rabu biyu, jikokinsa sun zo hutu, an kuma ce masa sai ya canza inji. Ka ajiye kofin kofi a daɓen jirgin, ka ce a tayar, ka tsaya kana kallon yadda kofin ke kaɗawa. Daga nan ka shige ƙasa cikin zafin Yuli, awa uku kana gusa injin da kaurin takarda. Da ka fito sai ka ce masa, "Injinka lafiyarsa ƙalau, malam. Wanda ya ɗaura maka shi, shi ne ke buƙatar gyara." Aka sake tayarwa, kofin bai motsa ba. Ka ɗauka ka shanye abinka, ka juya ko sallama babu.

Ni direbanka ne a tsere shekara goma sha ɗaya. Kafin kowane tsere kana da al'ada ɗaya. Za ka tsuguna a bayan jirgi tun yana kan tirela, ka murza farfela da hannu, ka kasa kunne. A cikin akwatin akwai wani ɗan kuloci da muke kira mai-saki. Idan inji ya ƙame ana cikin gudun mil ɗari da ashirin, shi ne ke sakin farfela ta ci gaba da juyawa ita kaɗai. In babu shi, farfelar ta tsaya cak, jirgin ya kife da mai shi. Idan yana aiki, za ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas a hannunka. Sai ka ji wannan ƙarar kake bugun gefen jirgin sau biyu, ka ce, "Tafi, ɗan taurin kai."

Shekarar da na cika talatin da huɗu, mai-sakin ya zame mini a zagayen ƙarshe, kofin gasar ya wuce ni da tsawon hannu. Na ce ka toshe shi, ka ƙi. Sai na kai akwatin wani gari, na sa aka yi masa walda ta ciki, inda masu duba jirage ba za su gani ba. Da safiyar tsere na gaba ka tsuguna, ka murza, ba ka ji komai ba. Ka ɗago ka dube ni.

"Chebo, me ka yi?"

"Tsoho, jirgina ne, wuyana ne," na ce. "In ka kai ni gaban alƙalan gasa, ni da kai har abada."

Teburin alƙalan bai fi taku talatin daga inda muke ba. Na ga ka dube shi. Ba ka je ba, ba ka kuma bugi gefen jirgin ba. Injin ya ƙame dab da layin ƙarshe. Ban san sauran ba sai a bakin mutane: cewa kai ka riga masu ceto faɗawa ruwa da takalmanka, kai ka riƙe kaina a sama. Na bar ƙafata ta hagu daga gwiwa a asibiti. Wata huɗu kana zuwa kullum da burito, gurasa mai wake a ciki, naɗe a takarda, ka zauna ka yi ta zagin abincin asibitin, ba ka taɓa ce mini ai ka faɗa ba. Ni ma ban taɓa ce maka laifina ne ba. Na ɗauka ka sani.

Shekara ashirin da huɗu muka yi a haka, muna shan kofi a ƙofar garejinka, muna kewaye maganar. Sai bara 'yata Araceli, wadda ke cikin zanen goyo lokacin hatsarin, ta sayi tsohon jirgin tsere ta ce za ta shiga gasa. Na ce ba da raina ba. Ta wuce ni ta je wurinka, ka kuma karɓa. Na zo na same ka a gaban mutane na ce, "Ƙafa ɗaya ba ta ishe ka ba, sai ka haɗa da 'yata?" Ka ajiye sifanar hannunka a hankali. Wannan ce maganata ta ƙarshe da kai a duniya, kuma ina jin kunyarta har cikin ƙashina.

Bayan jana'iza Luella ta kira ni gefe, ta ba ni makullin gareji. Ta ce, "Chebo, kai kana ganin ka rasa ƙafa. Shi kuwa taku talatin ɗin nan bai daina tafiyarsu ba. Ya ce yarinyar za ta yi tsere ko da shi ko babu shi, gara ta yi da akwatin da ya haɗa."

Na tarar da akwatin a kan teburinka, an gama shi tsaf, an rufa masa tsumma. Kowane noti na murfin mai-sakin ka ɗaure shi da waya, ka ɗiga masa jan fenti yadda ba mai kwance shi ba a gane ba. A jiki ka rataya kati da rubutunka mai karkata: "Na Araceli. Chebo ne zai riƙa murza mata, shi ya fi kowa sanin shirun. In bai ji ƙara ba, ya tafi teburin. Kada ya yi irin tawa."

Ba irin taka ba ce, Orval, tawa ce. Da na faɗa maka haka ko sau ɗaya, da ka huta tun tuni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Luella, da ɗansu Merle, da ƙanwarsa Opal da ke Needles, da duk wanda jirginsa ya daina rawa saboda shi. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa. Ubangiji ya ji ƙan bawansa Orval, ya yafe masa kurakuransa, ya sauke masa nauyin da ya ɗauka wanda ba nasa ba, ya ba shi hutun da ni na hana shi.

Jiya ni da Araceli muka ɗaura akwatin. Na fi awa uku ina gusa injin, hannuna ba naka ba ne. Asabar mai zuwa za ta yi tserenta na farko. Tsugunawa da ƙafar roba wahala ce, amma na tsuguna a bayan jirgin, na murza farfelar, na kasa kunne. Ya yi ƙas-ƙas-ƙas. Na bugi gefen jirgin sau biyu, amma abin da kake faɗa ya ƙi fita daga bakina.

Eusebio "Chebo" Olvera
Parker, Arizona