Mai Leƙen Rijiya

Ɗan ƙanena ya taɓa yin rigima da matarsa a kan ruwan wanke-wanke, kuma ya sha kashi. Baho ya ajiye a ƙarƙashin famfo, wai kada a zubar, a ba shuka. Ranar da ta yi tuntuɓe da shi, ta ɗauko ta dire masa a bakin banɗaki, ta ce tunda ruwan na da daraja haka, ya fara wanka da shi. Ya kwashe bahonsa. Shukar ma ba ta yi rai ba.

Aikinsa ke nan, lissafin ruwa. In kamfani zai haƙa rijiyar burtsatse, shi ake aikawa ya duba ko ƙasar za ta jure. Rani da damina yana zura igiyar awo a rijiyoyin unguwa, ya ga nawa ake ja, nawa sama ke mayarwa, sannan ya faɗi abin da zai rage wa yaran da ko cikinsu ba a ɗauka ba. Ni dai na gaya masa, an kai shi jami'a ya dawo mana mai leƙen rijiya.

Da can yana da zafi. Ya rubuta cewa kamfanin lemo zai shanye ruwan unguwarmu. Aka yi masa godiya, aka haƙa. Rijiyar uwarsa ta koma ramin shara. Tun daga nan ya daina ɗaga murya. Ya je ofis, ya dawo, ya ci abinci kamar an sa shi. Ko ni na tsokane shi, kallon bango yake min.

Bana kamfanin na son rijiya ta biyu, kuma sai da sa hannunsa a takardar amincewa. Yayansa direba ne a can, an kuma nuna masa cewa aikinsa na rataye da takardar nan. Yayan ya shigo falo da ita, ya tsaya a kan ƙanen.

"Malam mai rijiya, 'ya'yana igiyarka za su ci? Ta farkon da ka hana, an fasa ne?"

"Ba a fasa ba."

"To ƙin naka me zai ƙara? Ka ce ruwa zai isa, kowa ya huta! Gwaggo, yi masa magana mana."

Ƙanen ya karɓi biro, ya sa hannu ba tare da ya duba ba, ya miƙa masa.

"Ga shi, Yaya. In ka fita, ka bi ta unguwa ka karanta wa rijiyoyin. Su ba su san zai isa ba."