Layin Ɗakin Bakwaini

A asibitin nan babu mai kiranta da sunan yanka. Mai Tsani ake ce mata, don shekara goma sha ɗaya ta yi ba a ganinta sai da tsanin ƙarfe a kafaɗa, tana bin baranda kanta a sama kamar mai neman inda rufi ke yoyo. A lokacin ita ce mai kula da wayoyin kwamfuta da akwatunan wayifai. In sabis ya ɗauke kowa ya san ofishinta, in ya dawo ko sannu babu.

Mahaifinta mai gyaran rediyo ne. Maza uku ya haifa, duk suka gudu daga warin dalma, sai autarsa mace ta zauna tana riƙe masa tocila. A wurinsa ta gaji sana'a, a wurinsa kuma ta gaji taurin kai. Mijinta, direban babbar mota, yakan ce ya auri injiniya amma ƙwan fitilar ɗakinsu ya yi wata biyu a mace. Ita kuma ta ce ya rubuto takarda ta bi layi.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ɗakin bakwaini, inda ake sa jarirai a kwalba. Likitan yara ɗaya ne, daga babban asibiti yake zuwa sau biyu a mako. Sauran ranaku ta wayarsa yake duba numfashin jariran da bugun zuciyarsu, na'urori na aika masa. Kamfanin waya ya yanka wa asibitin yanki na musamman a sabis ɗinsa, kamar a ware hannu ɗaya na titi a ce motar marasa lafiya kaɗai za ta bi. To amma titin a bakin get ya ƙare. Ciki bango ne mai kauri, komai sai ya bi ta wayifai, a can kuwa bugun zuciyar jariri da bidiyon ƙwallon mai gadi layi ɗaya suke bi, wanda ya riga shi ke gaba.

Wata huɗu ta yi tana fama da injiniyan kamfanin a waya, har suka ja yankin nan daga get ya shigo cikin wayifai, ya kai ɗakin bakwaini. Ranar da aka kunna ta yi murna ƙwarai, har ta saya wa masu shara lemo.

Sai ta yi kuskure: ta sa wa layin lambar sirri. Sistar ɗakin kaɗai ta faɗa wa. Manaja ya tambayi Sista, wa zai ce wa Manaja a'a? Shi ya ba sakatarensa, sakatare ya ba surukinsa da ya zo jinya. Kafin mako biyu an rubuta ta da biro a bayan ƙofar kantin, inda ake rubuta kowace lambar sirri ta asibitin nan tun da aka gina shi. Mutanenmu sun ɗauki hana lamba kamar hana baƙo ruwan sha. Waya ɗari da arba'in suka hau layin jarirai.

Wata Talata da rana hoton ya daskare a wayar likita na minti shida, daidai lokacin da numfashin wata jaririya ke sauka. Sista ce ta gani da idonta, Allah ya kiyaye. Mai Tsani ta ji kunya, ta kuma ji haushin kanta fiye da na kowa.

"Laifina ne, Sista," ta ce. "Na san mutanena, na ɗauki nama na ba kura ajiya."

Ta sake aikin daga tushe. Ta cire lambar sirri gaba ɗaya. Yanzu layin da kansa yake gane na'ura ta ɗan katin da ke cikinta, na'urori goma sha biyu, ba ƙari. Akwatin da ake canza tsarin kuma ta kafa shi a saman bangon ɗakin bakwaini, ta toshe duk hanyar shiga daga nesa. Mai son taɓawa sai ya wanke hannu, ya sa rigar ɗakin, ya hau tsani ya jona waya.

Nan gari ya ɗau zafi. Masu gaishe ta suka rage. Har gwaggonta da ta zo awon jini sai da ta ce, "Ke 'yar nan, lamba ma sai an roƙe ki?" Ta ce, "Gwaggo, babu lambar ne ma. Ni kaina wayata ba ta ciki." Gwaggo ba ta yarda ba, har yau tana ba da labarin rowarta.

Rana ta uku Manaja ya aiko kiranta. Mutum ne mai fara'a, irin wanda zai tambayi lafiyar kowa na gidanku kafin ya yanka ka.

"Injiniya, taro nake yi da manya ta bidiyo, hoto na yankewa. A sa wayata da kwamfutata a layin nan mai gudu. Biyu kacal."

"Yallaɓai, in na sa biyu, gobe mataimakinka zai ce shi fa? Zan ƙara maka akwati a ofis, taronka zai gyaru."

"Ban ce akwati ba. Layin na ce."

"Layin na jarirai ne, ranka ya daɗe."

"Asibitin wa ke riƙe da shi?"

"Kai ne. Amma kai in hotonka ya tsaya, haƙuri za ka bayar a ci gaba. Su fa?"

Fara'ar ta ɗauke. Washegari takarda ta fito: an mayar da ita sito, wurin barguna da bokitai. Ta karanta a tsaye, ta ninke ta sa a aljihu. Ta ji zafi, ba ta ɓoye ba, a gida ta yi kuka har mijinta ya rasa abin tsokana. Amma da safe ta ɗaura ɗankwali ta tafi sito, ba ta je ban haƙuri ba.

Manaja ya ɗauko wani injiniya ɗan kwangila daga waje, ya aika a karɓo makullin akwati. Ana zaton za ta hana, sai ta kawo da kanta, har da tsani.

"Tsanin nawa ne, da kuɗina na saya," ta ce. "Ni zan riƙe masa, kada ya faɗo kan 'ya'yan mutane."

Suka wanke hannu suka shiga. Manaja ya tsaya a bakin ƙofa. Ɗan kwangila ya hau, ya buɗe akwati, ya jona waya. Daidai ƙasansa akwai kwalba, cikinta yaro da bai kai tsawon damtsensa ba, ƙirjinsa na ɗagawa yana sauka. Uwar yaron na zaune a kan kujerar roba. Ta ɗago ta ce, "Gyara za a yi mana, Malam? Allah ya saka da alheri."

Mai Tsani ta juya wajen ƙofa, ta ɗaga murya yadda iyaye shida da ke ɗakin za su ji.

"Yallaɓai, shigo mana. Wayarka za a sa a layinsu, ko? Zo ka faɗa musu da bakinka, sai a sa."

Iyayen suka juya suna kallonsa. Ya dubi takalminsa, ya ce bai wanke hannu ba. Sista ta nuna masa famfo, ga sabulu. Ya duba agogo, ya ce yana da taro, ya tafi. Ɗan kwangila ya zare wayarsa, ya rufe akwati ya sauko. A baranda ya miƙa mata makullin, ya ce, "Yaya, ni ban zo nan ba."

Ba a mayar da ita ofishinta ba. Shekara biyu ke nan tana sito, wani ne ke zaune a kujerarta, tsaninta na jingine a bayan barguna. Kullum da safe kafin ta buɗe sito takan bi ta tagar ɗakin bakwaini, ta leƙa allon da ke bango ta ga layukan zuciya suna tafiya ba tsayawa, sannan ta wuce. Na'urorin da ke kan layin har yanzu goma sha biyu ne.