Kazar da Ta Ce Kwanci Take Yi

Gidanmu na Fagge kusa yake da titin jirgi, kuma a lokacin ba kullum ake kawo wuta ba. In an sauke tuwon dare, kakarmu Inna Yalwa ba ta bari a kashe murhu. Sai ta jawo kujera 'yar tsugunno, mu jikoki mu kewaye garwashin. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke yi. Cewa take, "Ga wata can a bakin ƙofa, a bar ta ta shigo?" Mu ce a bar ta.

Ranar da nake tunawa, da kaza ta zo a hammata. Wake-wake ce, wadda ta fi so. Zawo ya kama ta, kashi ya bushe a gashin bayanta ya zama dunƙule, fatar wajen ta yi jawur tana wari. Babanmu ya leƙo ya ce, "Inna, a yanka ta tun ba ta zama mushe ba."

"Kai da na wanke naka, yanka ka na yi?"

Ya juya ya fita. Mu muka ƙunshe dariya.

Ta zuba ruwan ɗumi a roba, ta taɓa da gwiwar hannu, ta barbaɗa gishiri kaɗan, ta zaunar da kazar a ciki. Na kai hannu zan ɓanɓare dunƙulen, ta buge min yatsa. "Bilki, jiƙawa ake yi. In kika ja, da fata zai taho." Tana riƙe da kazar a ruwan ta fara ba mu labari.

Wai wata kaza ce ta ɓata jikinta, kunya ta kama ta. Sai ta shige bayan rumbu ta kwanta, ta ce wa 'yan uwanta kwanci take yi. Kullum da safe su wuce, su tsaya daga nesa. "Sannu da kwanci." Ta ce, "Yauwa." "Ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." Agwagwa ta gaishe ta, zakara ya gaishe ta, babu wanda ya matsa ya ɗaga fiffikenta. Da lokacin ƙyanƙyasa ya yi suka taho ganin 'yan tsaki, har da tsabar barka. Suka ɗaga ta, babu ƙwai ko ɗaya. Tsutsa ce fal a ƙarƙashinta, ita kuma ta sandare.

Na ce, "Ai laifinta ne, Inna, ita ta yi ƙarya."

"Ita kunya ta ji. Su fa masu gaisuwar, hancinsu toshewa ya yi?"

Kafin nan dunƙulen ya yi laushi. Ta yanke gashin da almakashi, ta ciro tsutsotsi da tsinke tana jefawa a wuta, ta naɗe kazar da tsohon zani kusa da murhu har ta bushe, ta shafa mata man kaɗanya. Sannan ta kife ta da kwando, don sauran kaji in sun ga ja sai sun tsattsage shi. Wake-wake ta tashi. Har 'yan tsaki ta yi mana.

Ina makaranta a Zariya ɓarin jikin Inna ya shanye. Duk wanda na kira a waya, magana ɗaya ce: da sauƙi. Gidanmu ba marasa kirki ba ne. Ana kai mata abinci, ana saya mata magani, safe da yamma kowa zai tsaya a bakin ƙofa ya gaishe ta. Amma ɗa ba ya buɗe jikin uwarsa, suruka ma tana jin nauyi, ita kuma Inna da an matso sai ta ce a bar shi, ta gyara da kanta. Abin da take nema kawai a kunna mata turaren wuta.

Da na dawo hutu na shiga ɗakin, na ji abin da ke ƙarƙashin turaren. Na san warin nan.

"Ya jiki, Inna?"

"Da sauƙi, ƙawata."

"Inna, kwanci kike yi?"

Ta kalle ni, sannan ta juya fuskarta bango. "Rufe ƙofa," ta ce.

Zanin ya manne da bayanta. Ban ja ba. Na kawo ruwan ɗumi na taɓa da gwiwar hannu, na jiƙa har ya saki. Abin da na gani ba zan rubuta shi a nan ba. Ranar muka kai ta wani asibiti a Sabon Gari. Nas ɗin ta duba, ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce gyambon ya kai ƙashi. Inna ba ta ga azumin shekarar ba.

Yanzu ina aiki a shagon atamfa a Kantin Kwari, gaisuwata rabi duk ta waya ce. Amma in na tambayi mara lafiya ya ce min da sauƙi, ba na cewa Allah ya ƙara sauƙi in wuce. Takalmina nake cirewa in shiga, in zauna kusa, inda hancina zai ji.