Maganin da Alhazan Panama Suka Bari a Aziziyya

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi ina karatu a Makka, wasu har sai an tuna mini. Amma ranar da na tarar da abokina durƙushe gaban kwandon shara a wani bene na unguwar Aziziyya, ita kam ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah.

Mu uku ne a ɗaki ɗaya a masaukin ɗaliban jami'a. Ni daga Katsina, sai ɗan Panama da ɗan Venezuela. Mu ɗaliban Najeriya ba mu wahalar da kanmu wajen bambanta irin waɗannan mutane. Duk wanda muka ji yana Sifaniyanci, daga Mexico yake ko daga Kolombiya, sai mu haɗa su mu ce “'yan Sifen”, alhali babu wanda ya taɓa taka Sifen a cikinsu. Tunda yarensu ɗaya, kuma idan suka haɗu sai su kaure da surutu kamar ana faɗa, ni a ganina halin gidajensu ma ɗaya ne, kamar Katsina da Maraɗi.

Ɗan Panama jikan 'yan kasuwa ne. Kakansa daga Indiya ya je can da fatauci, gidansu kuma kayan lantarki suke sayarwa a sari, a wata babbar kasuwa kusa da mashigin ruwan da jiragen duniya ke bi. Mutumin kirki ne, hannunsa a sake, sai dai karatu sai a hankali. Haruffan maƙogwaro sun ƙi shi ƙememe. Shi kuwa ɗan Venezuela musulunta ya yi yana saurayi. Mahaifiyarsa tana nan a addininta, amma ita da hannunta ta ɗinka masa jallabiyar da ya zo Makka da ita. Allah ya ba shi kai, ya ba shi murya. Mutumin da ya zo bai san alifi ba, kafin mu ankara ya kusa haɗa hadda, mu da muka tashi da allo a hannu muna kallo. Kullum bayan asuba sai ya zaunar da ɗan Panama yana sauraron karatunsa.

“Maimaita, ya akhi,” sai ya ce masa, yana nuna maƙogwaronsa. “Daga nan za ta fito, ba daga hanci ba.”

Ni kuma ina kwance ina tsokanarsu, ina cewa ko akuya aka yi wa wannan bitar da tuni ta sauke. A garin su ɗan Venezuela akwai wasu 'yan tsirarun da suka musulunta, suna salla a garejin wani bawan Allah, ba su da malami. Shi suke jira ya gama ya koma ya zama limaminsu. Bai da zancen da ya fi wannan, har ya zaɓi littafin da zai fara karantar da su.

A shekararmu ta kusa da ƙarshe sai ya canja. Da can tukunyarmu ɗaya, ina dafa mana shinkafa da wake, suna ci suna hawaye saboda yaji. Sai ya janye. Yau ya ce yana azumi, gobe ya ce cikinsa. Gurasa da shayi kawai, har wuyan jallabiyarsa ya yi masa yawa. Na tambaye shi, ya ce lafiya lau, ni kuma na ɗauka zuhudu ne ya motsa.

Da aikin Hajji ya zo, kowa ya kama ɗan aikin tafinta. Ni ina tare da alhazanmu, su biyun kuma suna tare da masu jin Sifaniyanci. A nan na fara ganin abin da ban gane ba sai daga baya. Ayarin Panama, wanda kawun abokinmu yake ciki, sun sauka a otal mai kallon Harami, suka kuma kama bene a Aziziyya don kwanakin Mina kawai. Sauran alhazan yankin kuwa, waɗanda na gani, a nesa suka sauka, wasu sun yi shekaru suna tari kafin su zo. 'Yan Venezuela a shekarar, da yatsun hannu za ka ƙirga su.

Duk wanda ya zauna a Makka ya san yadda Aziziyya take bayan Hajji. Alhazai sun cika jakunkuna da tsaraba, kaya sun yi nauyi, sai su bar abin da ba za su iya ɗauka ba: butoci, barguna, ragowar shinkafa, takalma. Wata rana bayan azahar ɗan Panama ya ce in raka shi benen da mutanensu suka bari, kawunsa ya ce akwai tukunyar lantarki da za ta yi mana amfani. A ƙofa muka tarar da mai gadin benen, wani dattijo Bahaushe haifaffen Makka, wanda Hausarsa rabi Larabci ce.

“Yalla, ku hau, 'ya'yana,” in ji shi. “Ɗan'uwanku yana sama tun ɗazu. Wallahi miskini. Duk benen da alhazai suka tashi sai ya bi. Shinkafa ba ya ɗauka, bargo ba ya ɗauka. Magani kawai, bas.”

Muka dubi juna, muka hau. A ɗaki na biyu muka samu ɗan Venezuela, ya durƙusa gaban kwandon shara, ya naɗe hannun riga, yana tona ɓawon lemo da tsofaffin ledoji. A gefensa ya shimfiɗa ƙyalle, ya jera katunan ƙwayoyin magani a kai, wani saura uku, wani saura rabi. Ni da bakina ba ya shiru na ce, “A'a, Malam, yaushe ka koma baban bola ba mu da labari?”

Bai yi dariya ba. Ya ɗago ya dube mu, idonsa ya tsaya a kan ɗan Panama, sai na ga kunya ta rufe shi. Ɗan Panama ya sunkuya ya ɗauki wata 'yar roba, ya juya ta, ya ce a hankali, “Wannan ai na matar kawuna ne. Na hawan jini.”

“Shi nake nema,” in ji ɗan Venezuela. “Shi da na ciwon suga. Akwai mai kemis a unguwar Zahir da yake duba mini, wanda ya lalace ya zubar. Mahaifiyata nake tara wa. Ta yi wata biyu tana raba ƙwaya ɗaya gida biyu, yanzu ma babu.”

Ashe duk ɗan alawus ɗin da jami'a ke ba mu, a magani yake ƙarewa, shi ya sa ya bar tukunya. Kuma ba ya isa, don ba ita kaɗai ba ce, akwai ƙanwarta, akwai tsofaffin layinsu. Ɗan Panama ya ce, “To me ya sa ba ka tura kuɗin su saya a can ba? Me ya sa ba ka faɗa mini ba?”

“Su saya a ina? Shagon magani a buɗe yake, kantocinsa wayam. Kai dala ce a aljihunka, ya akhi. Abin da babanka ya ajiye bara, bana yana nan yadda ya bar shi. Mu abin da ka karɓa da safe, kafin la'asar ya zama takarda. Mahaifiyata ta yi aikin koyarwa har ta tsufa, yanzu fanshonta ba ya kai ta mako.”

Ɗan Panama ya ce ai su ma akwai matalauta, akwai ƙauyukan da ko wutar lantarki babu, kada a ɗauka kowa a ƙasarsu ɗan kasuwa ne.

“Na sani,” in ji shi. “Amma ka taɓa ganin matalaucinku ya tsallako wurinmu neman aiki yanzu? Yayata ma'aikaciyar jinya ce. Tana garinku, tana wanke-wanke a gidan mutane.”

“A garinmu? Ba ka taɓa faɗa mini ba.”

“Mai aikin gidanku 'yar ina ce?”

Ɗan Panama ya ce, “'Yar Nicaragua.”

“To ka gani. Yare ne kawai namu ɗaya.”

Ba da faɗa ya faɗe ta ba, da ma faɗan ne da ya fi sauƙi. Muka durƙusa mu uku muka ci gaba da tonon sharar tare. Tukunyar da muka zo ɗauka ma mun manta da ita. Ni dai a ranar zuciyata ta karye, don na ga mutanen da suka kwana a fili ɗaya a Muzdalifa cikin farin ƙyalle iri ɗaya, amma abin da wani ya jefar don jakarsa ta yi nauyi, shi ne ran uwar wani.

Ɗan Panama ya yi abin da ya dace. Kawunsa yana Madina bai tashi ba tukuna, ya bi shi can da ledar maganin, ya ƙara da wanda ya saya. Kawun ya kai wa yayar ɗan Venezuela a Panama, ita kuma ta samu matafiyi ya shiga da shi. Muka ce alhamdu lillahi, abokinmu ya dawo tukunya, har ya fara ƙorafin yaji. Na ɗauka an wuce wurin.

Bayan 'yan watanni uwar ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Yanzu ba ƙwaya kaɗai ake nema ba, ana buƙatar mai jinya da abinci da kuɗin da ba ya narkewa, kowane wata. Albashin wanke-wanken yayarsa ba zai ɗauka ba, ga 'ya'yanta. Mu ɗalibai muka yi karo-karo, amma a lokacin naira ma ta sha ƙasa, kowa da wutar da ke ci a gidansu. Abin da muka haɗa bai je ko'ina ba. Sai mahaifin ɗan Panama ya aiko da saƙo cewa idan ɗan Venezuela yana so, akwai aiki a sitonsu na kaya, za a biya shi da dala, za a taimaka masa da takardun zama. Da zuciya ɗaya mutumin ya yi tayin, ban taɓa zarginsa ba. Sai dai saura shekara ɗaya abokina ya gama, kuma duk mun san wanda ya ajiye gurbinsa ya tafi, da wuya ya same shi.

Na yi magiya har na gaji. Na ce ya tuna mutanen gareji, ya tuna haddarsa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Ustaz, matar da ta ɗinka mini rigar zuwa nan tana kwance ba ta iya juyawa. Wane babi zan karanta da zai ce in zauna?”

Muka raka shi ɗawafin bankwana bayan la'asar, rana tana dukan marmara. Da ya gama ya tsaya yana kallon Ka'aba kamar wanda aka dasa, hawaye na bin gemunsa. A masauki ya tura mini kwalin littattafansa, ya ce in ajiye masa, shekara ɗaya zai yi ya dawo. Na ce to. Shi ya san ba haka ba ne, ni ma na sani.

Yau ina koyarwa a Katsina, kwalin yana saman durowata. Ɗan Panama ya gama, da ƙyar amma ya gama, ya koma gida aka ba shi limancin masallacin unguwarsu. Uwar abokina ta ɗan ja lokaci sannan ta rasu, bai samu zuwa binne ta ba, don idan ya fita takardunsa ba za su bar shi ya dawo ba. Mutanen gareji sun watse, kowa ya bi ƙasar da ta karɓe shi. Shi kuma yana nan a siton, yana lodin firji da talabijin daga safe zuwa yamma, don bakunan da ke jiransa ba su ragu ba.

Kwanakin baya ya aiko mini da saƙon murya, ina jin ƙarar motocin kaya a bayansa. Muka sha gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambaya ko har yanzu ina kashe mutane da yaji. Can sai muryarsa ta sauka. Ya ce a masallacin ɗan Panama yake salla, a sahun baya, don kullum a makare yake zuwa daga aiki.

“Jiya a sallar magariba ya tsallake aya,” in ji shi. “Na ji a jikina ya tsallake. Na buɗe baki in ɗora masa kamar yadda na saba, sai na tarar babu komai. Surar da ni na koya masa ce, Ustaz. Na neme ta na rasa.”

Na saurari saƙon nan ina zaune a ofis, na rufe ƙofa na yi kuka kamar yaro. Addu'a kawai na mayar masa.

Abin da wannan ya koya mini ba mai daɗi ba ne. Na daina haɗa mutane a buhu ɗaya don na ji yarensu ɗaya, domin a ƙarƙashin yaren akwai mai jefar da magani, akwai mai tsintarsa. Kuma na daina cewa duk wanda bai kai ba, ƙoƙari ne bai yi ba. Mu uku muka kwana a ɗaki ɗaya, wanda ya fi mu kai da himma shi ne bai gama ba, ba don komai ba sai don kuɗin ƙasar da aka haife shi ya mutu a hannun uwarsa. Shi ya sa yanzu idan ɗalibina mai ƙwazo ya fara ramewa yana cewa azumi yake, ba na yaba masa zuhudu. Rufe littafin nake yi in tambaye shi wa ke kwance a gida.